Inabin Baturen Italiya a Gonar Doya

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da uwargida, bayan mun yi addu'a. Na so mu bi jirgin ƙasa, aka ce sai la'asar, in ma ya zo. A zamanin da nake riƙe da tasha, ba a faɗa wa fasinja irin wannan magana. Dole muka shiga motar katako mai zuwa Zonkwa, aka cusa mu tsakanin buhunan citta da kwandon kaji. Kwandasta ya yanka mana kuɗi son ransa, domin tun da naira ta kori fam kunya ta bar tashar mota.

Ga abin da ya fito da ni. Kafin in yi ritaya, na yi aiki da wani Baturen Italiya, injiniyan gada. Da zai koma gida sai ya ba ni reshen kurangar inabi a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce jan inabi ne na kwarinsu, can ƙarƙashin duwatsu masu ƙanƙara, kakanninsa suka gada, ba a samun irinsa a wani wuri. Ya ce in ba shi shekara uku, idan ganye ya zube in yi masa aski, sa'an nan zai yi 'ya'ya. Da yake gidan hayata ba fili, na dasa shi a gonar ƙanena a Fadan Kaje. Na kuwa yi wa ikilisiya alkawarin nunan fari. Lokacin askin ne ya yi, shi ya sa na wasa wuƙata na taho.

Hanya duk ramuka, motar tana tafiya tana nishi. A Madakiya mun sayi gasasshiyar doya da manja, ita kaɗai ce abin yabo a tafiyar nan.

Mun isa da hantsi. Ƙanena ya tarye mu da fara'a, amma da na nufi gona sai ya riƙa jan ƙafa. A wurin da na bar kuranga na tarar da rami mai kaiwa ƙugu, da sanda a yashe gefe.

Ya ce, “Yaya, abin nan naka ya cuce mu. Shekara uku yana hawa sanda kamar doya. Da ganye ya bushe muka tona, ko ƙwaya ɗaya babu, saiwa ne kawai.”

Na ce, “Ban gaya maka a sama yake 'ya'ya ba?”

“Ka faɗa, Yaya. Amma da bai yi komai a sama ba, muka ce ai a ƙasa yake ajiya.”

Matarsa ta ƙara da cewa taimakona suka yi, kada gara ta cinye mini amfanin. Na tsaya bakin ramin nan ina duban ƙasa. Itacen da ya ƙetare teku lafiya, ya jure zafin ƙasar nan, fartanyar ɗan'uwana ce ta kashe shi, kuma yana jiran in gode masa.

Na tambayi inda rassan suke. Ashe da su aka ɗaure shingen awaki. Na sa aka kwance a gabana, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kankarewa da farce, har na sami 'yan kaɗan da sauran ɗanye a cikinsu. Na yanke su da wuƙar da na kawo domin aski, na naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu kamar yadda aka ba ni. Tuwon accan da aka kawo ban taɓa ba. Uwargida ta ci nata, ta kuma karɓi doyar da suka ba mu ta ban haƙuri, ba da izinina ba.

Da yamma muka dawo Kafanchan, buhun yana kan cinyata, ban yarda an ɗora shi a saman mota ba. Na dasa rassan cikin rabin duro a bakin ƙofar ɗakina, na kewaye da waya.

Tafiyar nan ta koya mini cewa manomin doya, duk abin da ya ga ya hau sanda, tona shi zai yi, ko ubansa ne ya hana shi. Jiya reshe ɗaya ya fitar da toho. Ƙanena ya aiko yana son zuwa ya gani. Na ce ya zo, amma ya bar fartanya a gida.