Gyaran da Yayana Bai Tura Ba

Yayana, wanda kowa ke ce wa Dogo, irin mutanen nan ne da shayi ke hucewa a gabansu ba su sani ba. Shi ke kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya. Ni kitso nake yi, boko bai karɓe ni ba, amma bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, dole na sha labari.

Akwai wata kwamfutarsu da ke mutuwa ɗif ana tsakiyar aiki. Ya daɗe yana bin ta har ya rame. Ranar da ya gano matsalar, ya faɗo falo ina tsefe wa Umma kai.

Ya ce, "Auta, saurara. Akwai babbar manhaja can ciki, ita ke riƙe da komai. In ƙaramar manhaja na son abu sai ta roƙe ta, ta yi mata, ta mayar da ita inda ta tsaya. To in ƙaramar ta bar adireshin banza, wajen mayarwar ake tuntuɓe. Injin ya ga babbar ce a bakin ƙofa, sai ya ɗora mata laifi, komai ya tsaya. Ni kuma na koya masa ya duba inda aka faɗi. In a ƙofar ne, ƙaramar kaɗai zai rufe."

Umma ta ce, "Madalla. Ka ci abinci?"

Ashe babbar manhajar ba ta kamfani ba ce, ta kowa ce. In kana da gyara sai ka tura a bainar jama'a, manyan harkar su yi masa filla-filla, wani ma ya yi maka tatas. In gyaran ya samu karɓuwa, sunanka ya zauna a cikin manhajar. Abin da Dogo ke so kenan tun yana makaranta, kuma abin da yake tsoro kenan.

Kullum sai ya ce, "Bari in ƙara gwadawa."

Na ce, "Yaya, faɗa ne fa, ba duka ba. Ni kullum sai mata sun zage ni kan kitso, na mutu? Matsa in danna maka ya tafi."

"Ke! Cire hannunki, duk mai ne."

Damina ta zo ta wuce, yana nan yana ta gyara abu ɗaya bai tura ba. Sai wata rana ya dawo da wuri, ya zauna bakin gado ko takalmi bai cire ba. Ashe wani can wata ƙasa ya riga shi tura gyaran matsalar. An yi masa tatas, ya sake gyarawa, an karɓa.

Na ce, "Naka ya fi kyau ko?"

Ya ce, "Nawa ya fi gajarta."

Wallahi na so in zage shi, sai kawai na durƙusa na cire masa takalmin.

Yana nan a kamfanin, gashinsa har ya fara fari. Da sabuwar manhajar ta fito, shi aka sa ya ɗora wa kwamfutocin. Da hannunsa ya goge nasa gyaran da ya daɗe da sa wa kwamfutar kamfanin, ya sa na wancan.