Wasiƙar Malam Haladu da Na Ƙi Karantawa

Ban taɓa mantawa da safiyar da Malam Haladu ya shigo ofishina a Ƙanƙara ya mayar da ƙofa ya rufe da hannunsa ba. Mutum ne da ko gaisuwa ya zo yi a bakin ƙofa yake tsayawa, don haka tun kafin ya yi magana na san ba gyaran kwamfuta ya kawo shi ba. Ku da kuka fara aiki da mu bana ba ku san shi ba, amma ya kamata ku ji labarinsa kafin wani ya zo muku da irin buƙatarsa.

Ni ne jami'in kula da kwamfutoci na shirinmu na noma, wanda ya haɗa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Lokacin da na kama aiki, kwamfutocin da aka raba wa malaman gona duk sun tsufa, lasisin manhajarsu ya ƙare, bairos ya cika su saboda filashin da ake yawo da shi daga shago zuwa shago. Sai na nemi izinin shugaban shiyya na goge su, na sa musu Linux. Ga wanda bai sani ba, Linux tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ne, kowa na da damar ya sa shi, ya duba yadda aka gina shi, ya kuma ba wani. Tsohuwar na'ura ma tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba.

Malaman gona sun yi ta ƙorafi cewa na canza musu wurin komai. Malam Haladu ne kaɗai bai yi ba. Babban malamin gona ne mai matakin albashi na goma sha biyu, yana kula da ƙauyukan da ke yankin Sheme, saura shekara uku ya yi ritaya. Ya zo da littafinsa ya zauna kusa da ni, duk abin da na danna sai ya rubuta. Cikin wata biyu shi ke koya wa matasan da suka fi shi karatun boko yadda ake sabunta manhaja. Da ita yake rubuta rahoton ruwan sama da na taki da na tsutsar masara, kuma bai taɓa makara da rahoton wata ba.

A wannan safiyar, tsakiyar damina ce, masara ta fara goyo. Ya zauna ya ce, "Injiniya, akwai hanyar da mutum zai aika saƙo ba a san shi ya aika ba?"

Na ce, "Akwai, Malam. Wa za a aika wa?"

Ya ce ya ji a rediyo wani ofishi ya ba da adireshin imel na kai rahoton sirri a kan infoma, wato mutanen gari da ke kai wa ɓarayin daji labari da mai da abinci. Ya ce ya ga wani abu da idonsa. Manoma biyu da ya yi shekaru yana aiki da su ɓarayin sun ɗauke su daga gona a wannan watan.

"In na yi shiru, da hannuna a ciki," in ji shi. "In na tahi da ƙahwata na hwaɗa, kahin in iso gida labari ya riga ni. Ka taimaka mani."

Na ji daɗi da ya zo wurina, ba zan ɓoye muku ba. Na daɗe ina karanta waɗannan abubuwa ba wanda ya taɓa tambayata. Na ɗauko sabon filashi na sa masa wani nau'in Linux da ke tashi daga filashin kansa, ba ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta, kuma da an kashe ya manta da duk abin da aka yi. A cikinsa akwai Tor, manhajar da ke bi da saƙonka ta na'urori uku a wurare daban-daban na duniya, kowace ba ta san komai ba sai wadda ta miƙo mata da wadda za ta miƙa wa. Wanda ya karɓi saƙon ba zai ga daga ina ya taso ba.

Na ba shi ƙa'idoji. Kada ya yi amfani da intanet ɗin ofis. Kada ya buɗe imel ɗinsa na kullum yayin da yake ciki. Ya buɗe sabo wanda ba ya neman lambar waya. Kada ya haɗa da hoton da ya ɗauka da wayarsa, domin hoto na ɗauke da sunan waya, wani lokaci har da wurin da aka ɗauke shi. Ya rubuta su duka a littafinsa kamar yadda ya saba, ya haddace, sannan na sa ya yage shafin muka ƙona.

Da zai tafi ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce, "Ga abin da zan rubuta. Duba mani ko ya yi."

Na ɗaga hannu na ce, "A'a, Malam. Abin da ban sani ba, ba wanda zai iya fitar da shi daga bakina. Haka ƙa'idar take."

Gaskiya ne haka na karanta ƙa'idar. Amma akwai tsoro a ciki, ina da mata da 'ya'ya a garin nan, ban so in san sunan kowa ba. Ya mayar da takardarsa aljihu. Ya tambaye ni sau ɗaya, "Ka tabbata ba mai iya ganowa?" Na ce masa na tabbata. Kwana biyu bayan haka ya je Funtuwa ya aika, ya bi duk abin da na gaya masa, bai kuskure ko ɗaya ba.

Bayan kamar kwana tara, shugaban shiyya ya dawo daga wani taron tsaro ya aika a kira ni. Ya ajiye takarda a gabana ya ce, "An tambaye ni ko za ka iya gano daga wace kwamfuta aka aiko wannan. Wasu na cewa daga ma'aikatanmu ne."

Kwafi ne na kwafi, har da hatimin karɓa a samansa. Ofishin da ya karɓi saƙon ya buga shi a takarda, ya sa a fayil, aka yi kwafi aka raba wa mahalarta taron don a tattauna. A taron akwai masu unguwanni, da wakilan 'yan kasuwa, da na direbobi, da wasu da shugaban ma bai san su ba.

Na karanta a tsaye. Babu sunan mai aikowa, babu lamba. Amma an jera sakin layi ɗaya, biyu, uku, kamar rahoton wata. An auna gona da hekta, abin da manomi ba ya yi. A sakin layi na biyu an rubuta cewa ranar Laraba, yayin duba tsutsar masara a gonar da ke bayan rafi, an ga jarkokin mai a cikin rumbun wani ɗan kasuwa, aka kuma ga masu babura sun zo sun ɗauka. Mutum nawa ne ke zuwa gonar wani duba tsutsa a yankin Sheme? A ƙarshe kuma ya rufe da kalmomin da yake rufe kowane rahoto nasa: wannan shi ne abin da aka gani, don a ɗauki mataki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a iya gano na'urar ba."

Ya ce, "Na sani. Amma ka karanta?"

"Na karanta."

Ya cire tabaransa ya riƙe. Ya ce, "In ni na gane shi a layi na uku, su ma sun gane. Zan rubuta masa canjin wurin aiki yanzu. Kai ka nemo shi."

Layin waya ba ya shiga ƙauyen da yake sai an hau tudu. Na yi ta kira har la'asar bai shiga ba. Na ba wani direba da na yarda da shi saƙo cewa Malam ya kira ni ko ta halin ƙaƙa. Washegari da hantsi ya kira. Na gaya masa komai, na ce ya baro garin yau.

Ina jin iska tana kaɗawa a wayar. Sannan ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce mani ba mai iya ganowa ba?"

Na ce, "Malam, na'urar ba ta faɗa ba. Wasiƙar ce ta faɗa."

Ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Bai zarge ni ba, ko a murya. Ya ce in ya gudu a ranar, kamar ya sa hannu ne a wasiƙar, kuma iyalinsa na nan. Zai jira ranar kasuwar Sheme, jibi, ya fito cikin jama'a kamar kullum, daga baya a kwaso iyali. Na roƙe shi, ya ce ya riga ya yanke.

Ranar kasuwar, kafin azahar, masu babura suka tare motar da yake ciki. Fasinjojin sun ce sunansa suka kira. Ba su taɓa kowa ba, ba su karɓi wayar kowa ba, shi kaɗai suka sauke. Muka zauna jiran kira, domin in sun kira sun nemi fansa akwai sauran rai. Ba su kira ba. A kwana na huɗu wasu manoma suka same shi a bakin rafin.

Na je ta'aziyya tare da shugaban shiyya. Ɗan kasuwar da aka ambata a wasiƙar jami'an tsaro sun gayyace shi, sun yi masa tambayoyi, sun sake shi. Na same shi zaune a tabarmar makoki, ya ɗaga hannu ana addu'a tare da shi, kuma duk wanda ke wurin ya san shi, ba wanda ya ɗaga ido. Babban ɗan Malam, wanda ke koyarwa a firamare, ya riƙe hannuna ya ce, "Baba yana yawan ambatonka, ya ce kai ka buɗe mashi ido."

Cikin wata guda malaman gona uku suka nemi a ɗauke su daga yankin. Ba a tura kowa a madadin Malam Haladu ba, don ba wanda ya yarda ya je. Tsutsa ta cinye masarar wannan shekarar, gonakin bayan rafi kuma har yau ciyawa ce a cikinsu.

Na sake bin duk matakan da na koya masa, sau da yawa, ina neman inda manhaja ta gaza. Ba ta gaza ba. Waɗanda suka gina ta sun yi ta ne don ɓoye mutum a cikin miliyoyi. Mu a nan ba mu kai haka ba. Kowa ya san wanda ya bi ta hanyar rafi ranar Laraba, kowa ya san yadda kowa ke magana. Ni na ɗauka aikina ya ƙare a kan na'ura, na bar mutumin da takardarsa. Minti biyar na karatu da sun ishe ni in goge Larabar, da tsutsar, da hektar.

Tun daga lokacin mutum huɗu sun zo mini da irin wannan buƙata, har da wata ma'aikaciyar asibiti daga Sabuwa. Yanzu nakan karanta. Nakan cire duk abin da ke nuna su, har wasiƙar ta zama ba ta da abin da wani zai iya aiki da shi, domin abin da ke sa a yarda da rahoto shi ne abin da ke nuna mai shi. Sannan in gaya musu gaskiya: zan iya ɓoye hanyar da saƙo zai bi, amma ban san hannun da zai faɗa ba. Dukansu huɗun sun yi godiya, sun tashi sun tafi ba su aika ba.

Suna raye. Mutanen da suka so su ambata su ma suna nan suna harkokinsu a kasuwa. In wani ya zo muku, ku karanta takardarsa, ku gaya masa abin da na'ura ke iyawa da abin da ba ta iyawa. Abin da zai biyo baya ba ni da shawarar da zan ba ku a kansa, domin ni kaina ban san ko ceton mutanen nan huɗu na yi ba, ko kuwa na taya ne a rufe bakin sauran masu magana da suka rage mana.