Akushin da Lirwanu Kuku ya Mayar

Duk wanda ya ci kasuwar Bodinga a shekarun farko na mulkin kai ya ji sunan Lirwanu Kuku, ko da bai taɓa ganinsa ba. Mutumin Mandera ne, ta can ƙasar Shagari, kuma ɗan fari ne ga Daso. Saboda kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya shigo tsakar gida sai ta faɗa ɗaki, in kuma dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Abu ɗaya ne kunya ba ta hana ta ba, shi ne ta cika masa akushi.

Yana saurayi ya tafi Sakkwato neman aiki, ya fara da wanke kwanuka a gidan wani Balarabe Kwara mai sayen fata. A nan ya koyi kirɓa nama da alkama a mulmula a soya, abin da mutanen gidan ke rantsuwa da shi. Daga can ya koma wajen wani malami Ba'indiye, ya koyi miyar kori da gurasarsu mai faɗi marar yisti. Wata maƙwabciya Bayarabiya ta nuna masa amala, alhazan da suka dawo ta Sudan suka kwatanta masa kisira, wainar dawa ta can, ya gwada sau biyu ya iya. Lirwanu dai hannu gare shi, wannan ba a musu. Sai dai hannun ya ja masa girman kai, ya zama in an zauna hira ba shi da zance sai na abin da kowace ƙabila ta fi so, kamar shi ya raba musu harsuna.

Shekara biyu bayan samun 'yanci ya zama kukun wani Bature likitan dabbobi. Da aka fita rangadin allurar shanu, sai aka kafa zango a bakin Mandera, jifa biyu daga gidan su Lirwanu. Ya sha fararen kaya har da jar ɗamara, yana gasa cinyar rago da dankali, akawun likita, Malam Tukur, yana zaune a inuwa yana kaɗa ƙafa.

Da la'asar sai ga Kulu, ƙanwar Lirwanu, da goyo a bayanta da akushi a ka, an rufe da faifai.

"Inna tac ce in kawo ma," in ji ta. "Hoce na, da miyar sure. Tun jiya taj jiƙa dawa."

Ƙamshin daddawar batso ya riga ta isowa. Miyau ya tsinke wa Lirwanu, don tun yana yaro ba abin da yake so irin gasasshen ƙullin dawar nan mai ɗan tsami. Amma Malam Tukur ya toshe hanci yana dariya, ya ce, "Kuku, ashe dai daga nan aka fito?" Baturen kuwa ya leƙo daga tanti, ya tambaya da gurguwar Hausarsa ko mene ne, yana so ya ɗanɗana.

Lirwanu ya ce, "Abincin ƙauye ne, ranka ya daɗe, zai ɓata maka ciki." Ya juya ga Kulu ya ce, "Mai da mata, mun ƙoshi."

"Ba ka ko ɗaga faifai?"

"Na ce mai da mata."

Ko yaye aka yi wa mutum jiya a ƙasar nan ya san ba a yin haka. In ka ƙoshi, ka buɗe ka gutsura, ko ka juye a wani kwano, ka mayar da akushi da ɗan goro. Akushin da ya koma a rufe kamar yadda ya zo, gaba ce ake shelantawa. Lirwanu ya sani sarai. Kafin Kulu ta ɓace a cikin karan gero ya fara nadama, amma ya ce wa kansa gobe zai shiga ya gyara. Da gari ya waye aka naɗe tanti aka nufi Dingyadi.

Wata bakwai ya yi da abin nan a ransa. Yana juya miyar wasu, sai ya ga Daso a zuci tana karɓar akushi da nauyinsa. Ya rame, ya daina surutun abincin ƙasashe. Da Babbar Salla ta zo ya nemi izini ya tafi gida, ya shirya a ransa cewa ko zagi ta aiko masa zai karɓa, in dai za a haɗo da hoce.

Ya zauna a zaure. Ba a jima ba Kulu ta shigo ta dire akushi. Ya ɗaga faifai. Shinkafa ce, jawur da tumatirin gwangwani, ta caɓe a sama ta ƙone a ƙasa, tsakiyarta kuma da sauran tsauri.

"Mi na na?" ya tambaya.

Kulu ta zauna nesa kaɗan, ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ka ɗauka hushi ta yi? Ba ta yi hushi ba. Ran da nim mai da akushi, cewa ta yi laihinta na, wancan ya yi nisa, bakinai ya girmi hoce. Sau ukku tana tahiya Bodinga da ƙahwa, tana tsayawa wurin wata Bayarabiya mai tuwo-tuwo, tana kallon yadda aka dahwa abincin birni. Ta gwada, ta zubar ma kaji, ta sake gwadawa. Wagga ita ta ta huɗu."

Lirwanu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya zo da shirin a hukunta shi, sai ya tarar tsohuwa ta ɗora laifin a kanta, har ta je ta tsaya kamar 'yar koyo a gaban baƙuwa. Ya sa hannu ya ci. Gishiri ya yi yawa, ƙauri ya kama ta, shi da Turawa ke yaba shinkafarsa. Ya cinye tas, ya suɗe akushi, ya ɗora goro a kan faifai. Kulu ta dawo ta ce Inna ta kifa akushin ta ga ko ƙwaya ba ta faɗo ba, ta shige ɗaki tana dariya ita kaɗai.

Da zai koma ya ja Kulu gefe, ya ce ta faɗa wa Inna in ya sake zuwa hoce yake so.

Kulu ta ce, "Ni ba ni hwaɗi. Ka mai da mata na farko, yanzu kuma in ce mata wanda tas sha wuya ta koya bai yi ba? Kai ka shiga ka hwaɗa mata."

Ya je har ƙofar ɗakin. Ya ji motsinta a ciki, ya yi sallama, ta amsa can ƙasa-ƙasa kamar yadda ta saba. Ya tsaya, ya tsaya, ya ce sai ya dawo.

Shekara huɗu Daso ta ƙara a duniya. A cikinsu ya bar aikin Bature ya buɗe rumfar abinci a kasuwar Bodinga, don ya riƙa zuwa Mandera duk Juma'a. Duk Juma'a kuma shinkafar nan ke jiransa a zaure, yana cinyewa tas. Mata suka ce har ta kwanta ciwon ajali tana yi musu alfahari cewa ita ma ta iya abincin wancan. Bai sake ɗanɗana hocenta ba.