Iri ko Ƙaiƙayi

Wayata ta farko mai shafawa a kasuwar Lolo aka zuba mata manhajoji. A Geza, garinmu, sabis sai ya ga dama yake zuwa, don haka ba mai ɓata ransa da sauke manhaja daga intanet. Mutum ya kai wa mai caji, ya tura masa daga tasa wayar. Da mai cajin Lolo ya gama girka mini su, ya nuna mini wasu fayiloli da suka rage, waɗanda daga cikinsu ake girka manhajar. Ya ce in goge su, ƙaiƙayi ne, wuri kawai suke ci.

Da na dawo gida na ba Baba labari. Baba manomin shinkafa ne, bai taɓa riƙe wayar da ta wuce mai madannai ba, amma ba a yin magana a gabansa bai sa baki ba. Ya tambaye ni ko da waɗannan fayiloli za a iya saka wa wata wayar manhaja. Na ce ƙwarai.

"To wanga ba ƙaiƙayi ba na, iri na," in ji shi. "Wa kinka taɓa gani ya zubar da iri? Kul ki taɓa su."

Na yi dariya, amma sunan ya bi su. Kafin damina ta fita, duk wanda ya yi sabuwar waya a unguwarmu sai ya yi sallama a ƙofar gidanmu, wai ya zo neman iri. Ni kuwa ina son girma, ba zan ɓoye ba. Nakan zauna a tabarma in tura musu ina hura hanci, Baba yana gefe yana gyara zama kamar rumbunsa aka buɗe.

Ana cikin yankan shinkafa Yaya ta haifi ɗa namiji. Tana aure a wani ƙauye a tsallaken iyaka, cikin Benin. Inna ta so zuwa suna, gwiwarta ta hana ta hawa babur, Baba kuma aiki ya riƙe shi. Ni aka tura. Da zan fita Inna ta kama hannuna ta ce, "Ba ni son tsaraba. Ki ɗauko min shi cikin wagga waya, in gan shi yana motsi."

Muna wuce Lolo saƙon kamfanin waya na Benin ya shigo, ya yi mini maraba da Faransanci, kamar yadda ya saba. Na kwana gidan Yaya. Da safe maza suka taru a waje don raɗin suna, mu mata muna ciki. Yaya ta raɗa mini cewa in shirya wayata, akwai abin da take so Baba ya ji da kunnensa. Na danna ɗaukar bidiyo, sai wayar ta ce ta cika, babu wuri.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na goge hotunan yayin atamfa da na ɗinki, abin bai isa ba. Na duba na ga irin nan ne ya cinye wurin. In na goge, rabin unguwarmu sun rasa wurin zuwa, Baba kuma ba zai bar ni in sha ruwa ba. In na bari, in koma wa Inna hannu rabbana. A waje har liman ya fara addu'a.

Sai na tuna abin da Baba yake yi kowace shekara. Idan ya ware irin shinkafa, yakan kai wani kaso wurin amininsa a Matsinkai, saboda ambaliya ko gara. Na waiga na ga ƙanwar mijin Yaya da babbar waya a hannu. Ita Dandanci da Faransanci take ji, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma Dandancina na sayen kifi ne. Na riƙe ta ina cewa, "Ajiya! Iri! Ajiya!" Baiwar Allah ta shiga ɗaki da sauri ta fito mini da ƙwaryar iri na kuɓewa. Mata suka kwashe da dariya, har Yaya tana riƙe ciki tana cewa mu tausaya mata. Yaya ce ta yi mana tafinta. Muka haɗa wayoyin, na tura mata fayilolin kaf, na goge nawa, dab da a fara guɗa na danna ɗauka.

Da na koma Geza, Inna ba ta bari na cire mayafi ba. Ta karɓe wayar ta kafa mata ido. Baba yana bakin rumbu, ya ji ina ba da labarin cikar waya, ya taso.

"Ke! Ba dai irin kinka goge ba?"

"Baba, ku kwantar da hankalinku, na kai ajiya Benin."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga wayar tana sanar da mata sunan yaro. Sunan Baba ne. Guɗa ta biyo baya, ga jaririn a cinyar Yaya yana hamma, ya dunƙule hannu. Baba ya yi tsaye, bakin nan a buɗe. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Inna ta miƙa masa wayar tana share ido da bakin zane.

"Malam, bar yarinya ta huta. Ga irinka nan ya tsiro."

Baba ya zauna a kan turmi, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya ce in maido masa daga farko.