Abin Kunnen Baba

Babanmu ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai, kuma abin da ya tashi da shi daga aikin shi ne ciwon baya da kunnen da ya yi murabus. Ƙarar inji ce ta cinye masa ji, kaɗan-kaɗan. Bagobiri ne, da zanensa raɗau a kumatu, kuma a da babu mai bakinsa a fadar dattawan layinmu a Gamkalle. Rabin 'yan fadar Zabarmawa ne, abokan wasan Gobirawa, don haka kullum da yamma yana can yana kiransu bayinsa, suna ramawa, ana shan shayi. Da kunnen ya tafi, sai ya fara dariya a inda ba a yi abin dariya ba. Ran nan aka ba da labarin rasuwa, ya ƙyalƙyale. Daga ranar bai sake zuwa ba. Ya koma zaman tabarma a tsakar gida yana kallon kaji.

Mu kuma a gida an yi mana tarbiyya, ba a ɗaga wa uba murya. Sai mu durƙusa mu yi masa magana a hankali, ya gyaɗa kai, mu tashi, ba wanda ya san abin da aka yanke. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ina cikin latse-latsen waya wata rana na ga wata talla. Hoton wani Bature ne mai furfura yana murmushi, kamar an ce masa ya ci gado. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa na'urar ji ce ƙirar Jamus, ƙarama kamar ƙwayar wake, ba mai ganinta a kunne, kuma da ita za ka ji raɗa daga wancan ɗaki. Har da garanti. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a lakwal, nake ce musu kada su yarda da duk abin da suka gani a intanet, ko tambaya ban yi ba. Na tura kuɗi.

Mai moto, ɗan aike mai babur, ya kawo kwali. Ƙwayar waken ta Jamus ta kai girman sabulun wanki, da igiyar ratayawa a wuya, da waya doguwa mai zuwa kunne, kalar ruwan hoda. A bayanta akwai rubutun da ko Bajamushe sai ya nemi tafinta. Muka sa pil, wato batir, muka maƙala wa Baba. Abin ya yi wani fito har kajin suka watse. Baba ya fizge shi ya ce, "Wa ya sa mini jirgi a kai?"

Na koma shafin na rubuta ƙorafi. Kafin in kurɓi ruwa an goge. Na sake rubutawa, sai wasu mata suka taso mini da addu'a, wai Allah ya raba ɗan kasuwa da mahassada. Na aika wa mai kayan saƙon murya, ya amso da nasa, da Hausarsa ta kasuwa: "Madam, kaya lafiya lau ne, kunnen tsoho ne bai saba ba." A nan ne na fusata. Na karanta duk abin da na samu game da haƙƙin mai saye, na haddace kalmomin Faransanci masu nauyi, na matsa wa mai moto har ya faɗa mini inda kantin yake, a Harobanda. Na ce Baba ya shirya, shi ne shaidata. Ban tabbata ya ji inda za mu ba, amma ya sa hularsa, ya rataya abin a wuya.

Muka haye gada a taksi. Kantin da a waya yake kamar wani babban kamfani, ɗaki ɗaya ne cike da kwalaye, da fitilar ɗaukar hoto, da kujera mai juyawa. A kan kujerar wani ƙaton mutum ne mai tumbi, Bazabarme, yana cin kilishi. Na fara jawabina. Na ambaci talla ta yaudara, na ambaci hukuma, ina cikin hawa sama sai na lura ba ni yake kallo ba. Kumatun Baba yake kallo.

Ya miƙe, ya zo daf da kunnen Baba, ya buɗe maƙogwaro kamar mai kiran kwale-kwale daga waccan gaɓa: "Af! Ashe bawana ne! Bagobiri, wa ya ba ka izinin kurmancewa ban sani ba?"

Na ji kamar in nutse. Na buɗe baki zan wanke shi, sai na ga fuskar Baba. Ya ji. Kowace kalma ya ji. Ya gyara hula, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɓarawon banza. Kakanka ma da ya yi wa kakana noma bai kai ka ƙarya ba. Maza ka ba ubangijinka kujera."

Mutumin ya ba shi kujerar, har da kilishin. Suka shiga zagin juna da ƙarfi, maƙwabta suka leƙo. Ni ina tsaye da Faransancina a baki, ba wanda ya neme shi. Rabon da in ji Baba yana dariya a inda ya dace har na manta, sai da na juya baya na goge ido.

Duk da haka ban bar maganata ba. Na ce a karɓi kaya a maida mana kuɗinmu. Mai kantin ya yarda, don ba ya iya hana Bagobiri abu. Baba ne ya ƙi. Ya dafe sabulun nan a ƙirji ya ce ba mai taɓa masa. Abin da ya nema daban ne: a cire Baturen daga tallar, a cire Jamus, a cire ƙwayar wake. Ya zauna a kujerar yana juyawa har aka goge su a gabansa, aka ɗauki hoton abin yadda Allah ya yi shi, da girmansa da igiyarsa. Da za mu tafi ya sa aka ɗora kujerar a bayan taksi, wai harajin bawa ne. Tana gidanmu har yau.

Washegari da la'asar na ga ya rataya abin ya nufi fada. Daga ƙofar gida ina jiyo Zabarmawan layinmu suna kwarara masa ihu, wai Bagobiri ya sayo rediyo ya rasa inda zai ajiye sai wuya. Yana ramawa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwanaki ina share ɗakinsa na tsinci pil ɗin a kan taga, sun fara tsatsa. Na kai masa, na durƙusa, na nuna masa cewa ya manta bai sa ba. Ya ce bai manta ba, abin ko da pil ba ya komai sai fito.

"To don me kake yawo da shi, Baba?"

Ya karkato kai, alamar bai ji ba. Na dubi ƙofa, na dubi kajin, na cika ƙirjina da iska, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na daka wa ubana tsawa: "Don me kake yawo da shi?"

Ya yi murmushi, ya shafa abin. Ya ce, "Don wanda ya gan shi ya ɗaga murya. Ga shi ke ma yau na ji ki."