Tambayar da likitan haƙori ya yi wa Baba

Bana shekara bakwai ke nan da muka rasa Baba. 'Yan zangon shanu na Fatakwal sun san shi da Malam Sale dillali, kuma har yau in aka tuna shi abu ɗaya ake fara faɗa: ba a yi masa ƙarya a kan shekarun dabba. Mai saniya zai rantse shekararta uku, Baba ya kama haɓarta, ya janye leɓe, ya duba yadda haƙoran suka cinye, ya ce, "Alhaji, ƙara biyu a kai." A yi dariya, a gyara ciniki.

Abin da 'yan zango ba su sani ba shi ne nasa haƙoran sun fi na tsohuwar saniya cinyewa. Baba yana gurza haƙora cikin barci. Gidan haya muke a bayan Kasuwar Oil Mill, katako ne kawai tsakanin ɗakinsu da namu, don haka da wannan ƙas-ƙas na girma. Ko barcin bayan azahar ya yi sai an ji. Amma ba a zancen a gidanmu. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayar Inna, mahaifiyarmu, ko ɓera ne ke cin katakon. Inna ta ce e, ɓera ne.

Ina shekara goma sha shida turamen haƙoransa biyu suka tsage, aka cire su. Mutumin da mahauta ke aiko wa balangu kyauta ya koma sai dai ya sha romo ya miƙo mana naman. Sai wani ya ba shi labarin dashen haƙori: a kafa ɗan ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, a jira ya kama, sannan a ɗora haƙori a kai. Baba ya sayar da bijimai biyu, muka tafi asibiti mu uku, ni da shi da Inna. Ni ce tafinta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a Fatakwal aka haife ni, Turancin Buroka a bakina yake.

Likitan ya daɗe yana leƙa bakin Baba da ɗan madubinsa. Da ya ɗago sai ya ce in tambaye shi ko yana gurza haƙora in yana barci.

Na tambaya, ina kallon ƙasa.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ce masa tuƙa aikin dabba ne. Goro ne ya cinye su, da rake."

Likita ya juya wajen Inna. Inna ta gyara mayafi ta sunkuyar da kai. A tarbiyyar da aka yi mata, mace ba ta faɗin abin da mijinta ke yi a makwanci a gaban baƙo, balle 'yarta na zaune. Sai ya dube ni. Ni kuwa na sani sarai. Amma ta yaya zan ƙaryata ubana a gaban idonsa?

Na ce, "E say no, sir," wato ya ce a'a.

Likitan bai gamsu ba. Ya ce duk da haka a auna bakin a yi masa wata roba da zai riƙa sawa in zai kwanta, don ta kare dashen. Baba ya ce tunda ba ya gurzawa, me zai yi da takunkumi? A nan maganar roba ta mutu.

Dashen ya kama. Ina iya tuna Babbar Sallar da ta biyo baya, yana zaune kan buzu yana yagar soyayyen nama yana tsokanar Inna wai ya koma saurayi. Shekara ba ta zagayo ba, wata safiya ina zuba masa ruwan alwala ya kurkure baki, sai ya tofo wani farin abu a tafin hannunsa. Rabin sabon haƙorin ne. Ɗayan kuma ya fara motsi. Ya juya guntun da yatsa, yana masa irin kallon da yake wa bakin saniya, ya daɗe. Sannan ya ce, "Uwata, wannan ba aikin goro ba ne."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zagi likita ba, bai kuma koma ba, kunya ta hana shi. Shekara biyun da suka rage masa a kan kunu da fate ya yi su. Hawan jini ne ajalinsa, ba haƙori ba, na sani. Amma duk lokacin da na tuna yana tura mana kwanon nama, sai in ji muryata tana cewa "E say no."

Yanzu ina da aure, ina da 'ya ɗaya, Jidda, shekararta huɗu. Gado kuwa bai tsallake ni ba. Nakan tashi muƙamuƙina a sage, kaina na sarawa. Bara turmina ɗaya ya rabe a kan tsakuwar shinkafa, aka cire. Na kusa wata shida ina tauna ta gefe guda, ina son dashe ina tsoro, guntun nan na tafin Baba yana min gizo. Abin da ya fi tayar min da hankali, wata rana ina wanki Jidda na barcin rana a tabarma, na jiyo ƙas-ƙas. Na saki zanin a ruwa. Na ba ta maganin tsutsa, na karɓo rubutu, kullum ina buɗe mata baki ina leƙawa har ta fara guduna. Ni dama mai saurin firgita ce. Tari ɗaya ta yi, na fara neman okada zuwa asibiti.

Abban Jidda, mijina, mahauci ne, shi ya ce mu je a duba mu duka. Wani asibitin ne daban, likitar ma mace ce. Ta leƙa bakina, ta ajiye madubi, ta yi min tambayar nan, kusan kalma da kalma.

Wallahi "a'a" ce ta fara zuwa bakina. Na dubi Abban Jidda, na ga ya ƙura wa kalandar bango ido kamar bai taɓa ganin kalanda ba. Sak Inna da mayafinta. Shi ma yana rufa min asiri ne.

Na ce, "Abban Jidda, faɗa mata."

"Haba Maman Jidda, a nan?"

"A nan. Ni barci nake, kai ke ji."

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Madam doctor, na grinding machine I marry," wai injin markaɗe ya aura. Ya juyo gare ni. "Da markaɗe kike karɓa da mun yi gida."

Likitar ta yi dariya har da riƙe tebur. Sannan ta zauna ta yi min bayani a hankali. Ta ce mai gurza haƙora ma ana yi masa dashe, amma sai an sani tun farko. Roba za a fara yi daidai bakina, in saba da ita, a daidaita sabon haƙorin yadda nauyin cizo ba zai taru a kansa ba, kuma in riƙa zuwa ana dubawa. Ta duba Jidda ta ce yara da yawa suna yi, galibi su daina in sun girma, in dai riƙa kawo ta, in kuma bar yarinya ta huta da leƙen baki.

Wata biyar ke nan da ɗora min haƙorin. Ban daina tsoro ba, kowace safiya sai na taɓa shi da harshe kafin in yi salati. Yana nan daram. Ciwon kan ma ya ragu. Jidda ta sa wa robar suna takalmin haƙori, in na manta ita ke ɗauko min: "Mama, you never wear your shoe," wai ban sa takalmina ba.

Nakan yi tunanin me Baba zai ce da ya ga wannan. Na san sai ya tsokane ni, ya ce Uwata ta yarda an sa mata takunkumi. Amma na san kuma zai kama haɓata, ya janye leɓe, ya duba da kansa, don shi abin da ya gani a baki yake yarda da shi. Sau ɗaya tak ya ƙi gaskiyar haƙori a rayuwarsa, kuma bai bar duniya ba sai da ya gyara maganar a gabana, da guntu a hannunsa. Na daɗe ina ɗaukar kalmar nan tasa a matsayin nadama kawai. Sai a kujerar likita na gane saƙo ya bar min.

Da na ba Inna labari a waya, sai ta ce, "Kin kyauta. Ni ban iya ba."

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi masa sadaka. Tsofaffin abokansa mahauta suka aiko da balangu, kamar yadda suka saba aiko masa. Na raba wa maƙwabta, na ɗauki yanka ɗaya na sa a gefen dashen, na tauna a hankali har na haɗiye.

Allah ya jiƙan Malam Sale dillali, ya haskaka makwancinsa.