Kujerar Yaya ta Bakin Taga

Yayan matata bai taɓa tsayuwa a cikin bas ba. Shekara goma sha tara yana yankan takarda a maɗaba'ar da nake ɗinkin littattafai, kullum yakan iso da rigarsa a goge, ido washe, kamar daga kan gado aka sauke shi a ƙofar ma'aikata. Ni kuwa sai in iso jiƙe sharkaf da gumi, takalmina duk sawun mutane. In na ce ba na jin haushinsa, na yi ƙarya.

Sirrinsa ɗaya ne: a ƙarshen layi yake zama. Tun yana saurayi, duk inda kwalta ta ƙare, inda bas ke juyawa ta koma gari, nan yake neman fili. Ya gina ɗaki biyu, ya haƙa rijiya, ya sa kaji a bayan gida. Abokan aiki suna kiransa Na-Ƙarshe, suna tambayarsa ko kuraye sun bar shi ya runtsa. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da daidaita wuƙar injinsa. Ni na fi kowa yi masa dariya, don a tsakiyar hanya na kama haya, rabin tafiyarsa, ina ganin na yi wayo.

Abin da ban hango ba shi ne, a ƙarshen layi bas take cika. Kafin ta iso unguwarmu an cushe har bakin ƙofa, kuma direba ba ya tsayawa sai in wani zai sauka. To wa zai sauka a unguwar da babu komai sai gidajen kwana? Haka zan tsaya tun shida da rabi ina kallon bas uku, huɗu suna wucewa. A ɗaya daga ciki ga Yaya can a kujera ta uku bakin taga, ya jingina kai da gilashi, hula ta rufe ido, yana sharar barci. Wallahi wani lokacin ji nake kamar in jefi tagar da dutse.

A wurin aiki akwai littafin sa hannu. Takwas na bugawa manaja zai ja layi da jan biro, duk wanda ya zo bayan nan ya rubuta sunansa a ƙasa. Sunan Yaya bai taɓa sauka ƙasan layin nan ba, har misali manaja yake bayarwa da shi ga sababbin ma'aikata. Nawa kuwa ya zama ɗan gida a can. Ƙarshe aka miƙo mini takarda: in na ƙara makara sau ɗaya, in nemi wani wurin.

A satin ne matata ta ce Yaya zai tashi, ya samu wani fili can gaba a cikin jeji. Ban tsaya cin abinci ba na nufi gidansa.

"Yaya, ka ba ni hayar gidan nan."

Ya dube ni, ya nuna mini wasu turaku masu jan fenti da aka kafa a gefen hanya.

"Ka ga waɗancan? Masu awon hanya ne suka kafa. Kwalta za ta wuce nan, ƙanena. Da ni ne kai, da ban shigo ba."

"Haba Yaya, shekara nawa kana jin daɗi kai kaɗai? Yanzu da za mu ɗanɗana sai ka ce hanya?"

"To, ga makulli. Amma na faɗa maka."

Na koma gida ina cewa matata ɗan'uwanta baƙin ciki yake yi. Ta ce, "Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba." Na ce ta tattara kaya kawai.

Wata biyar na yi ina zama a bas. Kujerarsa ma nake zaɓa, ta uku bakin taga, don in ji abin da yake ji. Shi kuma yana tako ƙafa daga jejinsa ya same ni a zaune, in yi kamar ban gan shi ba har sai ya samu wata a baya. Sai aka shimfiɗa kwalta. Gidaje suka tsiro can gaba, masu shayi da mai facin taya suka kwashe rumfunansu suka bi tasha, bas ta koma juyawa a ƙofar sabon gidan Yaya.

Ran Litinin ɗin farko na fito shida da kwata. Bas ta farko ta wuce a cike. Ta biyu ma haka, ta uku ko rage gudu ba ta yi ba. Bakwai da kwata ta yi, wadda ke tafe ita ce ta ƙarshe da za ta kai mutum kafin jan layi. Na hango ta ta karkace saboda nauyi, na fara tunanin abin da zan faɗa wa matata.

Sai ta tsaya. Mutane suna tsaki suna matsawa, Yaya ya kutso ya sauko, ba hula a kansa.

"Shiga, na bar hulata a kan kujerar. Ka riƙe mini ita."

"Yaya, kai fa?"

"Ni ba a ba ni takarda ba. Shiga, direba na jira."

Takwas saura biyar na sa hannu. Tara saura ya iso, ya karɓi biro ya rubuta sunansa ƙasan jan layi, manaja na kallonsa baki buɗe. Ya karɓi hularsa a hannuna ya wuce wurin injinsa yana gaisawa da mutane, ko a jikinsa.

Na yi masa godiya, har da rusunawa. Amma duk tsawon hanyar nan, a kujerarsa mai ɗumi, hularsa a cinyata, abu ɗaya nake ta juyawa a raina: da ni ne a zaune shi yana tsaye a titi, da rufe ido zan yi. Har a nan ma ya fi ni.